Inshorar mota a yankin Haɗeja: Me ya sa mai araha ke zama mafi tsada?

Tun daga ranar 1 ga Fabrairun 2025, lokacin da Rundunar 'Yan Sandan Nijeriya ta fara tilasta wa masu ababen hawa mallakar inshora a duk faɗin ƙasa, direban da ke bin hanyar Haɗeja zuwa Kirikasamma har Nguru ya samu ƙarin takardar da dole ya nuna a shingen bincike. Ba sabuwar doka ba ce, domin tun 1945, zamanin Turawa, aka kafa ta. Abin da ya sauya shi ne farashi da kuma tsananin bincike.

Tambayar da mai mota ke yi a yanzu ita ce ina zai samu mai sauƙin kuɗi. Amsar kuwa ba ta yi wa mutane da yawa daɗi, domin inshorar dole ba tumatir ba ce da ake tayawa a kasuwa. Hukuma ce ta yanke mata farashi, kuma duk takardar da aka miƙa wa mutum ƙasa da wannan farashi, abin a tsaya a bincika ne.

Farashin da hukuma ta yanke

A watan Disambar 2022 ne Hukumar Kula da Harkokin Inshora ta Ƙasa, wato NAICOM, ta fitar da sabon jadawalin kuɗi wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2023. Motar gida da ake biya wa Naira 5,000 a shekara ta koma Naira 15,000. Motar da mutum ke ɗaukar kayansa na kansa da ita Naira 20,000 ce, babbar motar dakon kaya Naira 100,000, A Daidaita Sahu Naira 5,000, babur kuma Naira 3,000.

Tare da ƙarin kuɗin, an ɗaga abin da kamfani zai biya idan an yi ɓarnar dukiya. Ga motar gida ya tashi daga Naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Ga motocin kaya ya kai miliyan 5, ga mai ƙafa uku miliyan 2, ga babur miliyan 1. Wannan iyaka ta dukiya ce kawai. Diyyar rauni ko rasa rai lissafinta daban ne.

Idan aka raba Naira 15,000 a kan wata 12, ta kama Naira 1,250 a wata. Na babur kuwa Naira 250 ne a wata. A takarda, kuɗin bai kai na mai ba. Amma ƙarin ya zo ne wata biyar kafin cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lamarin da ya ninka kuɗin mai da na kayan gyara. Ga ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000, kuɗin inshorar ya haura kashi ɗaya cikin biyar na albashin wata. Manomin fadama kuwa, wanda kuɗi ke shigo masa bayan girbin shinkafa ko alkama, ba kullum yake da su a hannu ranar da takardunsa suka ƙare ba.

Wane ne mutum na uku?

Rashin fahimtar abin da ake saye na cikin dalilan da suka sa jama'a ke kallon inshora a matsayin haraji. Wadda doka ta wajabta ana kiranta inshorar mutum na uku. Mai mota shi ne na farko, kamfanin inshora na biyu, na uku kuma shi ne wanda tsautsayi ya faɗa masa: mai tafiya a ƙasa da aka buge, mai babur da aka ture, mai shagon da mota ta afka wa, ko mai wata motar da aka yi wa lahani.

Ma'ana, wannan inshora ba ta gyara motar wanda ya saye ta. Aikinta shi ne ta ɗauke masa nauyin ɓarnar da ya yi wa wani. A ɗauka mai akori-kura ya ɗauko buhunan shinkafa daga Madachi zai kai Haɗeja, birki ya ƙwace masa ya daki wata mota. Idan takardarsa ta gaske ce, kamfani ne zai biya mai waccan motar har iyakar da aka yanke. Idan ta bogi ce, zama za a yi gaban 'yan sanda ko shugabannin tasha ko mai unguwa, a yi sulhu, a yanke masa abin da zai biya. Sau da yawa irin wannan biya shi ke cinye jarin mutum, ko ya kai ga sayar da dabbobi ko jinginar da gona.

Wanda aka yi wa ɓarnar ma yana cikin asara, domin abin da zai samu bai wuce ƙarfin aljihun wanda ya buge shi ba. Idan direban talaka ne, sai a ce a yi haƙuri, ƙaddara ce.

Jihar Jigawa ta ga iyakar abin da hatsarin mota ɗaya zai iya jawowa. A watan Oktobar 2024, wata tankar mai da ta taso daga Kano za ta Nguru ta faɗi a garin Majiya da ke Ƙaramar Hukumar Taura, ta kama da wuta, sama da mutum 150 suka rasu. Irin wannan musiba ta fi ƙarfin kowane direba ko mai mota shi kaɗai, kuma ita ce hujjar da ta sa ƙasashe suka wajabta wa masu ababen hawa su haɗa kuɗi a asusu ɗaya tun kafin abu ya faru.

Kasuwar takardun bogi

Shekara da shekaru, masu motoci a garuruwan ƙasar nan sun saba miƙa wa dillali kuɗi dunƙule ya sabunta musu takardu gaba ɗaya. Mai mota ba ya tambayar nawa aka biya na lasisi, nawa na inshora, ko wane kamfani ne ya bayar. A nan ne 'yan damfara suka samu ƙofa. Suna buga takarda mai tambari da sunan kamfani, wani lokaci ma kamfanin da babu shi, su karɓi 'yan dubbai kaɗan.

Kamfanonin inshora da kansu sun daɗe suna kokawa cewa akasarin ababen hawan da ke kan titunan Nijeriya ba su da inshora ta gaske. Domin toshe wannan kafa ne Ƙungiyar Kamfanonin Inshora ta Nijeriya ta kafa rumbun bayanai na NIID, inda ake shigar da kowace takarda ta gaske. Mai mota zai iya dubawa da kansa a shafin askniid.org ta hanyar sanya lambar motarsa, ko ya danna *565*11# a waya, ko da ƙaramar waya ce marar intanet. Idan motar ba ta fito ba, to akwai magana.

Wannan rumbu shi ne jami'an tsaro ke iya dubawa a kan hanya. Ke nan wanda ya sayi takardar Naira 5,000 domin ya tsira da Naira 10,000 ya yi asara sau biyu: ba ta kare shi a shinge ba, ba ta kuma biya masa komai ranar hatsari. Lokacin da aka fara aikin tilastawa a ƙarƙashin Sufeto Janar Kayode Egbetokun, hukuncin da Dokar Inshora ta 2003 ta tanada ga mai tuƙi babu inshora shi ne tarar Naira 250,000 ko ɗaurin shekara ɗaya, ko duka biyun. Araha, in ji Bahaushe, ba ta ado.

Abin da ruwa ya ci

Akwai wata matsala da ta keɓanta da mutanen wannan yanki. Kirikasamma na cikin ƙananan hukumomi takwas na Masarautar Haɗeja, tare da Haɗeja, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama da Malam Madori. Ƙasar fadama ce, inda Kogin Haɗeja ke bazuwa ya ciyar da dausayin Haɗeja da Nguru, har da gandun tsuntsaye na Baturiya. Ruwan da ke kawo kifi da shinkafa shi ne kuma ke yanke hanyoyi. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun mamaye gonaki da gidaje a yankin, sun katse hanyoyin garuruwa da dama, har sai da kwalekwale.

Ga mai mota a nan, haɗarin da ya fi kusa da shi a watannin Agusta da Satumba shi ne ruwa ya shiga inji ko hanya ta zaftare da shi. Inshorar Naira 15,000 ba ta biyan ko sisi a kan wannan. Mai son a biya shi asarar motarsa sai ya sayi cikakkiyar inshora, wadda NAICOM ta ce kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar. Motar Naira miliyan 4 ke nan za a biya mata aƙalla Naira 200,000 a shekara. Ko a nan ma, sai an karanta sharuɗɗa, domin ba kowace yarjejeniya ce ke ɗauke da ambaliya ba sai an rubuta ta a ciki.

Tsakanin biyun akwai wadda ke haɗa kariyar mutum na uku da gobara da sata. A waɗannan nau'o'i ne kwatanta kamfanoni ke da amfani: me suke biya, me suka cire, nawa mai mota zai fara biya daga aljihunsa kafin su shigo, kuma ina ofishinsu mafi kusa.

Takaful da batun addini

Ba kuɗi kaɗai ke hana mutanen Jigawa sayen inshora ba. Malamai da dama na ganin inshorar kasuwanci ta ƙunshi garari da riba, kuma Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi ta yanke a 1985 cewa ba ta halatta ba, amma ta amince da ta taimakekeniya. Wannan tsari shi ake kira takaful, kuma a Sudan aka kafa kamfaninsa na farko a 1979. Mahalarta na zuba kuɗi a asusu a matsayin gudunmawa, a biya wanda asara ta samu, kamfani ya ɗauki ladan gudanarwa, rarar da ta saura kuma ana iya raba wa waɗanda ba su nemi diyya ba. Masana na kamanta shi da yadda dangi ke haɗa diyyar kisan kuskure a shari'a.

NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma yanzu akwai kamfanoni masu lasisi kamar Noor Takaful, Jaiz Takaful da Salam Takaful. Takardarsu ta mota ta cika sharaɗin doka kamar ta kowane kamfani. Sai dai farashin mutum na uku ɗaya ne. Bambancin na cikin yadda ake sarrafa kuɗin.

Saye da sauƙi, karɓa da wuya

Ko an sayi ta gaske, akwai sauran rina a kaba. Ofisoshin kamfanonin inshora sun taru ne a manyan birane kamar Legas, Abuja da Kano. Ana iya saye ta waya cikin minti kaɗan, amma neman diyya na buƙatar sanar da kamfani da wuri, rahoton 'yan sanda, hotunan ɓarna da kiyasin bakanike. Ga mutumin Marma ko Baturiya, hakan na nufin zirga-zirga da kashe kuɗin mota, da cike takardu cikin Turanci. Mutane da yawa kan gwammace sulhu a gefen titi, kamfani kuma ya riƙe kuɗin da ba wanda ya nema.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne direba ya amsa laifi ya biya nan take, sannan daga baya ya je neman kamfani ya mayar masa. Yawancin yarjejeniyoyi sun hana haka ba tare da sanin kamfanin ba. Wanda kuma kamfani ya ƙi biya yana da damar kai ƙara sashen karɓar koke na NAICOM.

A watan Agustan 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu kan sabuwar dokar garambawul ga harkar inshora, wadda ta tattara tsofaffin dokoki wuri ɗaya, ta kuma ɗaga mafi ƙarancin jarin kamfanin da ke inshorar dukiya, har da ta mota, zuwa Naira biliyan 15. Manufar ita ce kamfanoni su samu ƙarfin biyan diyya. Amma jari a Legas ba ya kawo wakili Haɗeja.

A nan ne gwamnatin jiha da ƙungiyoyin direbobi ke da rawar takawa. Ofisoshin rajistar motoci za su iya raba rasiɗin inshora da na lasisi, a nuna wa mai mota sunansa a rumbun NIID kafin ya tafi. Ƙungiyar NURTW da ta 'yan acaɓa, waɗanda dama ke karɓar kuɗin tikiti kullum, za su iya tara wa mambobinsu kuɗin shekara kaɗan-kaɗan kamar adashi, su ƙulla yarjejeniya da kamfani mai lasisi bisa sharaɗin ya ajiye wakili a Haɗeja mai jin Hausa. Tara Naira 3,000 ta babur bai kai Naira 10 a rana ba.

Kafin a kai can, abin da ke hannun mai mota abu uku ne: ya san farashin da hukuma ta yanke wa irin abin hawansa, ya saya daga kamfani mai lasisi ko wakilinsa, sannan ya duba lambar motarsa a waya kafin ya bar wurin. Jama'ar yankin ba za su yarda inshora ta wuce takardar nuna wa ɗan sanda ba sai ranar da suka ga an biya wani da suka sani a garinsu.