Mu ba salatin shikore fangali ɗaya a garkar gida

Duk shekara idan iskar hunturu ta fara kaɗawa, tambaya ɗaya ce masu sauraro ke yawan aiko mana a gidan rediyo: me za mu shuka a ɗan filin bayan ɗaki? Amsar da aka saba ita ce salati, shu da tumatir. Mu kuwa muna so a ƙara da salatin shikore, wanda Faransawa ke kira andib.

Andib kashi biyu ne. Akwai farin nan mai kamar ƙaramin goyon masara, wanda aka fara nomawa kusa da birnin Burusel na Beljik a ƙarni na 19. Shi sai an tono saiwarsa an kai ta ɗaki mai sanyi da duhu na kimanin mako 3 kafin ya toho. Wannan ba aikin garkar Maraɗi ko Tawa ba ne. Namu shi ne na ganye: firize mai nannaɗaɗɗen ganye, da eskarol mai faɗin ganye.

Tun bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin Seyni Kunce ta ƙarfafa noman rani, mutanenmu suka ƙware wajen noman salati. To amma kowa lokaci ɗaya yake shukawa. A watan Janairu salati ya cika kasuwa ya yi araha. Zafin Maris na shigowa ya miƙe ya yi fure, sai uwargida ta koma saye da tsada. Eskarol ya fi salatin da muka saba jure zafi, ga shi ana iya tsinkar ganyensa na waje kaɗan-kaɗan, tushen na nan yana sake tohowa. Yana kuma ɗauke da bitamin A da folat, wanda mata masu juna biyu ke buƙata. Wanda ya ga halin da yara suka shiga a 2005 ya san tuwo da fura kaɗai ba sa gina jiki.

Nomansa ba wuya. A yafa iri daga Oktoba zuwa Nuwamba. Bayan kamar mako 4, idan ya yi ganye 4 ko 5, a dasa shi da tazarar santimita 30. Fangali mai faɗin mita 1, tsawon mita 3 zai ɗauki tushe 30. A zuba takin dabbobi wanda ya ruɓe, a yi ban ruwa safe da marece da ruwa mai tsabta, ban da na kwata. Ƙishirwa ce ke ƙara masa ɗaci. Cikin wata 3 ya nuna.

Mun san abin da wasu za su ce: ai yana da ɗaci. Gaskiya ne. Amma mu da ke cin gauta da goro muna lashe baki, ɗacin ganye ne zai kore mu? Kuma da maganinsa. Kwana 10 zuwa 14 kafin cira, a tattara ganyen a ɗaure da zare. Cikin da rana ba ta gani zai yi fari-fari, ɗacin ya ragu. Kada a ɗaure shi da danshi, ruɓewa zai yi, kuma a riƙa ɗaure daidai wanda za a ci. Koren ganyen waje, wanda ya fi bitamin, a ɗan tafasa shi a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli kamar zogale.

Kiranmu ga masu sayar da iri shi ne su riƙa ƙulla shi ƙanana-ƙanana yadda mai ƙaramin ƙarfi zai iya saye, malaman gona kuma su nuna wa ƙungiyoyin mata yadda ake ɗaurin. Mu ma a gida mu bar tushe 2 su yi fure, mu samu irin baɗi. Ba mu ce a watsar da salati ba. Fangali ɗaya kawai muke roƙo a gwada bana. Allah ya sa wa garkunanmu albarka.