Darbejiyar Gidanka Taka Ce, Amma Inuwarta Ta Unguwa Ce

Jama'a masu karatu, musamman 'yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Anaca da Fatakwal, yau ina so mu ɗan jingine zancen tsadar kaya da kuɗin mota, mu waiwayi gida, mu tattauna a kan wani abu da yawancinmu muka raina, alhali kuwa zaman lafiyar garuruwanmu ya rataya a kansa. Abin nan kuwa shi ne itacen da ke tsakar gida ko ƙofar gida.

A bazarar da ta wuce na je Maiduguri ganin gida. A unguwar Hausari akwai wata tsohuwar darbejiya a ƙofar gidan wani dattijo maƙwabcinmu, wadda tun muna yara muka tashi muka tarar da ita. Da safe almajirai ke karatun allo a gindinta, da hantsi wanzami ya shimfiɗa buzunsa, in rana ta take dattawan layin su fito da tabarminsu su zauna har la'asar. Da na isa sai na tarar da kututture, da shaguna uku na bulo masu rufin kwano. Ashe ɗan dattijon ne da ke kasuwanci a Ikko ya aiko da kuɗi a gina wa mahaifinsa abin da zai riƙa karɓar haya. Ban ga laifin yaron ba, domin neman albarkar iyaye ya yi. Amma dattawan nan yanzu inuwar katanga suke bi, tana gudu suna bin ta. Na durƙusa na ce, "Baba, ashe ba a sami yadda za a yi ginin a bar ta ba?" Sai ya dube ni ya ce, "Ɗana, fili nawa, itace nawa, wa zan tambaya?"

To, wannan tambaya ta Baba ita ce nake so mu amsa. Ra'ayina shi ne ya kamata a sami wanda za a tambaya, kuma ƙaramar hukuma ce ta cancanci wannan aiki, amma fa bisa sharuɗɗan da zan ambata, waɗanda in babu su gara ma a bar maganar.

Duk wanda ya san Maiduguri ya san darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro wasu kuma maina, ita ce rigar garin. Amma ba da ita aka kafa shi ba. A shekarar 1907 ne Shehu Abubakar Garbai ya tare a Yerwa, kusa da inda Turawa suka kafa barikinsu. Ita kuwa darbejiya asalinta itaciyar ƙasar Indiya ce, kuma sai wajen 1928 aka kawo ta Lardin Barno. Daga nan En'e da malaman daji da masu gidaje suka yi ta dasa ta a bakin tituna da kasuwanni da makarantu, ana ba ta ruwa da tulu, ana kange ta da ƙaya saboda awaki. Wato inuwar da muke sha yau gumin waɗansu ce, waɗanda da yawansu ba su rayu sun zauna a ƙarƙashinta ba. Barno kuwa ba baƙuwar girmama itace ba ce, tun da shi kansa Kukawa, birnin da Shehu Muhammadu Laminu El-Kanemi ya kafa a 1814, daga kuka ya samo sunansa.

A garin da zafin watan Afrilu da Mayu kan haura digiri 40, itace ba kayan ado ba ne. Mai hali ya kunna na'urar sanyaya ɗaki, talaka kuwa ba shi da na'urar da ta wuce inuwa. Itacen da ke bayan katangarka yana sanyaya iskar da ke shiga ɗakin maƙwabcinka, yana tare ƙurar hunturu, yana karya ƙarfin guguwar farkon damina kafin ta yaye rufin mutane. Saiwar taka ce, amma amfanin na layi ne gaba ɗaya.

Abin tsoro shi ne yau gatari ya fi dashe sauri. Ƙasar ta sha farin 1972 zuwa 1974, ta sake shan na 1983 da 1984, Tafkin Chadi ya janye ya bar tsohon bakinsa. Tun daga 2009 kuma rikicin Boko Haram ya koro ɗimbin jama'a daga ƙauyuka zuwa cikin birni, fili ya yi daraja, kowa na neman inda zai ƙara ɗaki, shiga daji mai nisa neman itacen girki ya zama sayar da rai. A farkon 2021 aka fasa turakun da ke kawo wa garin wutar lantarki, aka daɗe cikin duhu. A 2023 aka janye tallafin man fetur, rayuwa ta ƙara tsada, gidaje da yawa suka koma wa itace da gawayi. Duk wannan nauyi a kan wa ya sauka? A kan itatuwan da ke kusa, waɗanda ba sai an shiga daji ba.

Gwamnatin Jihar Barno ba ta rasa dokar hana sare itatuwa ba, kuma a 2025 Gwamna Babagana Umara Zulum ya sa hannu a kan umarnin da ya ƙara tsananta hanin. Wannan abin a yaba ne. Sai dai idon gwamnatin jiha ba ya ganin abin da ke bayan katanga. Masu gani su ne Bulama da Lawani da kansila, wato ƙaramar hukumar birnin Maiduguri da ta Jere. Su ne suka san gidan da aka kira mai zarto jiya da dare.

Na san za a ce mini, "Yanzu abin da mutum ya dasa da hannunsa a gidansa ma sai ya nemi izini?" Tambaya ce mai nauyi, ban raina ta ba. Amma mu tuna mai gida ba ya ɗora bene sai da takardar izinin gini, ba ya kuma sakin ruwan kwatarsa cikin gidan maƙwabci don kawai kwatar tasa ce. Malamanmu sun karantar da mu cewa Shari'a ta hana cuta da cutarwa, kuma duk wanda ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci daga gare shi, yana da ladan sadaka. Ku da ke Ikko kun san gwamnatin jihar ta keɓe ranar 14 ga Yuli don dashen itatuwa tun zamanin Gwamna Fashola, kuma akwai hukumar da ake neman izininta kafin a sare itace. A Ingila tun 1947 doka ta ba majalisun garuruwa ikon sa wa wani itace kariya ko da a cikin lambun mutum yake. In ƙasashen da ruwan sama ya wadace su sun ga dacewar haka, ina ga mu da muke bakin hamada?

Amma fa a nan ne nake so shugabanninmu su buɗe kunne, domin doka irin wannan tana iya kashe abin da ta zo karewa. Mu leƙa maƙwabta. A Jamhuriyar Nijar, tun zamanin mulkin Faransa doka ta mayar da itatuwa abin hukuma, manomi bai isa ya taɓa itacen da ke gonarsa ba sai malamin daji ya ci shi tara. Me ya biyo baya? Manoma suka ga itace a gona jawo wa kai fitina ne, sai suka riƙa kawar da shi tun yana tsiro. Daga tsakiyar shekarun 1980, da aka sassauta, manomi ya tabbata gawon da ya rena nasa ne, sai jama'ar Maraɗi da Damagaram suka shiga renon tohon kututture da kansu. Masana sun ƙiyasta an farfaɗo da itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai faɗin kadada miliyan 5. Abin da sanda ta kasa yi, mallaka ta yi shi. In aka kafa doka a Maiduguri wadda za ta sa mai gida ya ga darbejiyarsa ta zama hanyar karɓar cin hanci a hannunsa, wallahi ba wanda zai sake dasa ko ɗaya.

Saboda haka ga abin da nake ba kansilolinmu shawara. Da farko, dokar ta tsaya a kan manyan itatuwa kawai, a bi unguwa unguwa tare da Bulamai a ƙidaya su a rubuta, kuma a bayyana ƙarara cewa itacen na mai gida ne. 'Ya'yansa da ganyensa nasa ne, rage rassa ba ya bukatar izinin kowa. Kayar da shi ɗungurungum ne kaɗai ke bukatar takarda.

Na biyu, takardar ta zama kyauta, ko da ɗan kuɗi kaɗan mai rasit, a kuma yanka wa ofis wa'adi, misali mako biyu, in bai amsa ba mai nema ya ɗauka an yarda. Itacen da ya tsaga bango, ko ya karkata zai faɗa wa mutane, shaidar Bulama ta isa a kayar da shi nan take.

Na uku, wanda aka ba izini ya dasa waɗansu a madadin wanda ya kayar, hukuma ta ba shi dashen daga lambunta. Amma kada a ƙirga su ranar dashe, a ƙirga su bayan damina biyu. Mun gaji da bikin dashen da ake ɗaukar hoto a watse, akuya ta ƙarasa aikin kafin magariba. Wanda kuma ya riƙe babban itace a gidansa, a rage masa wani abu a harajin gida, ya san hukuma ta san da shi.

Na huɗu, dokar ta fara hawa kan manya. In ɗan kwangila zai faɗaɗa titi, ko attajiri zai gina gidan mai, ko ita kanta ƙaramar hukuma za ta yi rumfunan kasuwa, su fara bin layin neman izini. Ranar da aka kama bazawara da ƙullin ƙirare aka ƙyale mai buldoza, ranar dokar ta mutu. Kuma tilas a haɗa hani da mafita, wato murhu mai tsimin itace da saukin gas, domin ba a hana mutum dafa wa 'ya'yansa tuwo da takarda.

Saura ku, 'yan'uwana na Kudu. Kada ku ce wannan zancen mutanen gida ne. Da yawa daga cikin gine-ginen da ake yi a Gwange da Bulumkutu da Hausari, da ma Kano da Katsina da Sakkwato, da kuɗin guminku ake yin su, kuma mai kuɗi shi ke da magana. In za ka aika a yi gini, ka aika da sharaɗi: a matsar da harsashi, a bar itacen. Ɗaki ɗaya magini zai tayar maka cikin mako uku, amma inuwa irin ta ƙofar gidan Baba sai an shekara talatin ana jira. Ƙungiyoyinmu na Sabo da Agege da Idi-Araba, waɗanda ke haɗa kuɗin masallaci da na jana'iza, ba za su kasa ɗaukar nauyin renon itatuwan layi ɗaya a garinsu ba, ba kuma za su kasa rubuta wa kansilansu takarda ba.

Komai daɗewarmu a Kurmi, gida za mu koma, kuma tsoho ba ya neman kome da rana sai inda zai shimfiɗa tabarma. Waɗanda suka riga mu sun bar mana wurin. Allah Ya sa kada a ce a hannunmu ya ƙare, amin.