Sha'anin Mota: In Siginar Ɗakin Tafi-da-gidanka Ta Ƙi Kamawa

A Ingila akwai wani ɗaki mai ƙafafu da Turawa ke ɗaurawa a bayan mota idan za su tafi hutu, suna kiransa karafan. A cikinsa akwai gado da murhu da wurin wanka, watau tafi-da-gidanka sosai. Faɗinsa yakan kai mita 2 da 'yan kai, saboda haka yana rufe fitilun bayan motar ruf. Wanda ke biye ba shi da abin dubawa sai fitilun ɗakin. In kuwa siginarsa ta mutu, direba ya karya kwana, to, sai abin da Allah ya kiyaye.

Wutar tana zuwa ne daga motar ta cikin filogi da soket. Tsohon yayi yana da baki 7, ana ce masa 12N. Wayar rawaya ita ce siginar hagu, koriya ta dama, fara kuwa ita ce hanyar da wuta ke komawa bayan ta gama aikinta. Daga 2008 masu ƙera ɗakunan a Ingila suka koma ga filogi mai baki 13, wanda ake murɗawa ya kulle, ruwa bai cika shigarsa ba.

Mai hankali yakan fara da abu mai araha. Kwan sigina mai wat 21 ne. Idan gefe ɗaya kaɗai ya mutu, sai a sa wani kwan a gani. Dokar ƙasar ta ce sigina ta ƙifta sau 60 zuwa 120 a minti, ta kuma ce lalle a sami wata alama, ko 'yar fitila ko ƙara, mai shaida wa direba halin da siginar bayan take ciki.

Amma fa galibi kwan ba shi da laifi. Ɗakin yakan kwana a waje duk tsawon hunturu, ga ruwa ga gishirin da suke zubawa a kan titi don narkar da ƙanƙara, sai bakin filogin ya yi tsatsa kore. A kankare shi da samfefa. Ƙusoshin tsohon filogin a tsage suke, in sun matse sai a buɗa su kaɗan da bakin wuƙa, a hankali, domin suna karyewa.

Mafi ruɗarwa duka ita ce farar wayar nan. Idan ta saki, wuta takan rasa hanyar komawa, sai ta bi ta cikin wasu kwayaye. Nan ne za a ga abin mamaki: a kunna siginar hagu, fitilar baya ta riƙa ƙiftawa dishi-dishi, a taka birki kuma komai ya ɗauke. Mutane da yawa sun sayi sababbin fitilu a banza saboda wannan, alhali sukuru ɗaya ne ya kwance. Masu rewayar da ke gyaran tireloli a tashoshinmu sun san wannan ciwo sarai.

Sai dai motocin zamani suna da kwamfuta mai lura da kowace fitila. Wanda ya yanka waya ya haɗa kai tsaye yana iya rikita ta, gyaran kuma ya yi tsada. Irin waɗannan sai an sa musu akwatin haɗi na musamman, wanda ke ɗebo wutar ɗakin daga batir.