Karfasa Kaɗai Ce Kifi?

Kowace shekara a darasin bayoloji sai mu zana karfasa, mu haddace sassanta, shi ke nan. Malamai, don Allah a ƙara mana. Ga silakant, kifin teku mai fikafikai masu tsoka kamar ƙafafu. Masana sun ɗauka ya ƙare tun shekara miliyan 66 da suka wuce, kwatsam sai ga shi cikin ragar masunta a gaɓar Afirka ta Kudu a 1938. Ashe masuntan tsibiran Komoros sun daɗe da saninsa, har suna kiransa gombesa, tambayarsu ce ba a yi ba. To mu ma, me zai hana a gayyato mana masunci aji ko sau ɗaya a zango, mu yi masa tambayoyi?