Zuwa ga malaman dabbobi, kan yaƙi da kaska



Kun fi ni sanin kukan makiyayi a damina: ya yi feshi, bayan kwana kaɗan kaska ta dawo hantsar saniya da ƙarƙashin wutsiya, kirci ya biyo baya, nono ya ragu. Sai ya ƙara ƙarfin amitraz ko cypermethrin, wani ma ya ɗauko maganin ƙwarin gona ya zuba wa dabba. Ga kuma kaskar Rhipicephalus microplus, wadda a Yammacin Afirka aka fara ganinta a Kodebuwa a 2007, ta bazu har Najeriya, kuma ta yi suna wajen jure magani. Shi ya sa nake roƙonku ku fara sanin maƙiyan kaska masu rai.

Na farko fumfuna ce, irin su Metarhizium da Beauveria, da ke zaune a ƙasa tun asali. Ƙwayar irinta na manne wa jikin kaska, ta tsiro, ta huda fatar, ta cinye ta daga ciki. Macen da ta kamu, ko ba ta mutu nan take ba, ƙwanta kan ragu. Cibiyar icipe ta Nairobi ta ware wani nau'i mai suna ICIPE 7 domin kaska. Dangin wannan fumfunar ne aka gwada kan fara a Nijar, aka yi maganin Green Muscle da ita.

A nan ne aikinku yake. Maganin fumfunar abu ne mai rai, zafin rana da bushewa na kashe shi. Ku ajiye shi a inuwa mai sanyi, kada ya kwana cikin buhu a bayan babur. A mai ake haɗa shi don ya manne, kuma da yamma ake fesawa, raɓa ta taimaka masa. Uwa-uba, ku gaya wa makiyayi gaskiya tun kafin ya biya: kaska ba za ta zube gobe da safe ba, sai an ɗauki kwanaki, wani lokaci fiye da mako. In kun ɓoye masa wannan, ran kwana uku zai ce an cuce shi, ya koma wa guba, kuma labarin zai riga ku isa rugar gaba.

Na biyu ƙananan tsutsotsin ƙasa ne da ido ba ya gani sosai, Steinernema da Heterorhabditis. Su ba a jikin saniya suke aiki ba. Macen kaska in ta ƙoshi da jini, faɗowa take ta yi ƙwai dubbai a ƙasa. Nan tsutsar ke shiga jikinta, ta saki ƙwayar cutar da ke kashe ta. Sai dai suna son danshi. A ganina, wurinsu shi ne turke da mashekari a damina, ba fako a tsakiyar rani ba.

Kada ku yar da maganin feshi gaba ɗaya. Garken da kaska ta lulluɓe yana bukatar agajin gaggawa. A auna shi daidai, a rage yawan feshin, a bar kaji su yi kiwo cikin turke, a daina korar carki. Duk garken da kuka gwada fumfuna a kai, ku ƙirga kaskar gefe ɗaya na saniya kafin feshi da bayan mako biyu, ku rubuta, ku kai wa abokan aiki a cibiyoyin binciken dabbobi na Vom da Shika.