Yunwa Ba Ta Koya Wa Kifin Zaki Cin Abinci

"Alhaji, kada ka damu, ka bar shi da yunwa mako biyu, da kansa zai ci." Amsar da wani mai shagon kifin ado ya ba wani abokinmu ke nan a makon jiya, bayan ya karɓi kuɗinsa masu tsoka ya miƙa masa ƙaramin kifin zaki a leda. Maganar mai shagon ba ta ɓata mini rai ba kamar yadda 'yan uwanmu masu kiwon kifin teku suka yi ta gyaɗa kai, kowa yana cewa ai haka ake yi. Ba haka ake yi ba. Haka dai ake kashe kifi a hankali, sannan a ɗora laifin a kan mai saye.

A tambayi mai wannan shawara daga ina kifin ya fito. Ƙananan kifayen zaki, dangin da masana ke kira Dendrochirus, 'yan Tekun Indiya ne da Pasifik, tun daga Bahar Maliya da gaɓar Afirka ta Gabas har zuwa Indonesiya da Filifin. Ba a gona aka ƙyanƙyashe su ba, daga cikin duwatsun murjani ake kamo su. Daga hannun masunci sai ɗan tsakiya, daga nan sai mai fitarwa a Jakarta ko Bali ko Manila. Kafin a ɗaure su a leda da gangan ake hana su abinci na wasu kwanaki, don kada kashinsu ya cika ruwan da amoniya ya kashe su a hanya. Sai doguwar tafiya a jirgin sama cikin duhun kwali, sai jiran fito a filin jirgi, sai shago. Kifin da ya iso gidanka ya riga ya sha yunwa, ya sha tsoro, ya sha canjin ruwa iri-iri. Shi ne kuma ake ce maka ka ƙara masa mako biyu. Wa ya taɓa sayo ragon layya daga kara, ya ga ya ƙi dusa a daren farko saboda wahalar mota, ya ce a ɗaure shi ba ci har sai ya yi ladabi?

Za su ce kifin zaki yana iya yin makonni bai ci ba kuma bai mutu ba. To sai me? Wannan juriyar ta kifi mai ƙiba ce, wanda ya zauna daram a wurinsa. Sabon zuwa kuwa, da cikinsa ya riga ya lotsa, kowace rana ta yunwa ƙarfin jikinsa take ci, kuma a irin wannan hali ne cutar fararen ɗigo da sauran cututtukan fata ke samun ƙofa.

Abin da masu wannan ra'ayi suka ƙi fahimta shi ne kifin ba taurin kai yake yi ba. Bai san abin da ka jefa masa abinci ne ba. A teku, da rana yana maƙale a ƙarƙashin dutse, sau da yawa ma kai a ƙasa, sai rana ta yi sanyi ya fito farautar jatan lande da ƙananan kaguwa. Duk wanda ya taɓa kallonsa yana farauta ba zai manta ba: yakan buɗe fikafikansa na gefe, ya riƙa matsowa a hankali yana ɗan sunkuyar da kai, ya kai abin farautar lungu, sannan kafin ƙiftawar ido baki ya buɗe ya zuƙe shi ɗungurungum. Motsi ne ke tayar masa da sha'awar ci. Guntun nama daskararre da ya faɗa kan yashi ya kwanta shiru, a wurinsa shara ce. Ko wata guda ka bar shi da yunwa, yunwar ba za ta sanar da shi abin da bai taɓa gani ba.

Hanyar ba ɓoyayya ba ce, haƙuri kawai take so, shi ya sa mai gaggawar ciniki ba ya faɗinta. A ba shi kogon dutse inda zai ɓuya. A rage hasken fitila. A raba shi da kifaye masu rawar kai da ke wawashe abinci kafin ya gama shawara, zai fi kyau ma ya yi makonninsa na farko shi kaɗai a ƙaramin tanki. Bayan kwana ɗaya ko biyu, wajen magariba, a sakar masa ƙananan jatan lande masu rai, waɗanda aka fara ciyar da su abincin kifin teku. A koma gefe a zauna, a daina leƙe. Idan ya ci yau, ya ci jibi, ya ci gata, cikinsa ya ɗan taso, ya fara gane cewa inuwarka na nufin abinci, a lokacin ne za a fara yaye shi. A narkar da guntun jatan landen teku ko tsokar kifin teku, a soke a bakin siririn tsinke mai garai-garai ko zaren fatsa, a riƙa motsa shi nesa kaɗan da fuskarsa kamar mai rai yana gudu. Kada a tura masa a baki, tsorata zai yi. A wannan mataki tsallake kwana biyu ko uku ba laifi ba ne, domin kifin ya yi ƙarfi. Wannan ɗan bambancin ne masu shago suka cakuɗa, suka ɗauki dabarar ƙarshe suka mai da ita ta farko. Wani kifin cikin mako guda zai karɓa, wani sai ya ja ka wata biyu, musamman mai dogayen gashin bakin nan, Dendrochirus biocellatus, wanda kowa ya san shi da wuyar yaye.

Kuma tsinken ba ado ba ne. Ƙayoyi 13 ne a bayan kifin, dukkansu da dafi, ga kuma wasu a ƙasan ciki. Wanda ya soku ya tsoma hannun a ruwan zafi gwargwadon abin da fata za ta jure, wajen digiri 45, sannan ya nufi asibiti.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, masu cewa tunda mai rai yake so, a sayo masa kifin zinariya a riƙa jefa masa. Waɗannan sun fi ba ni haushi, domin a idonsu sun yi nasara: kifi yana ci, baƙi suna tafi a falo. Kifin zinariya na ruwan daɗi ne, kitsensa ba irin wanda jikin kifin teku ke buƙata ba ne, kuma a jikinsa akwai sinadarin da ke lalata bitamin B1. A hankali hanta ta cika da kitse, jijiyoyi su taɓu, wata rana a wayi gari kifi ya daina ci ko yana iyo a karkace. Ba wanda zai tuna da kifin zinariyar da aka yi watanni ana ɗura masa. Sai a ce ajali ne. Mai shago kuwa ya ci riba biyu, ya sayar da mai ci, ya sayar da abin ci.

Ba zan gaji da maganar falo ba. Mutum ya sayo dabbar da Allah ya halitta don duhu da lungu, ya ajiye ta kusa da talabijin, ya kunna mata fitila fara tas har tsakar dare, yara suna ƙwanƙwasa gilashi, kowane baƙo sai an kira shi ya zo ya gani. A ɗauke wuta, famfon iska ya tsaya na sa'o'i. A watan Afrilu ɗaki ya ɗauki zafi, ruwan da ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27 ya haura 30. Gishirin ruwa an haɗa shi da ka, ba a auna ba. Sannan a zo ana tambaya me ya hana kifi ci. Ka auna ruwanka tukuna, Malam. Idan akwai ko ɗigon amoniya a ciki, ba dabarar tsinken da za ta yi maka aiki.

Rigimata da masu wannan sana'a ba ta yau ba ce, kuma maganar yunwa reshe ce kawai. Tun shekarun 1960 ake kama kifin ado da gubar sayanaid a Filifin, daga baya abin ya bazu zuwa Indonesiya. Ƙasashen biyu sun haramta, amma ba a daina ba. Ana fesa gubar a ramin murjani, kifi ya sume, a tsince shi. Wanda ya farfaɗo yakan iso shago da kyan launi, amma cikinsa ya illata, sai ya ƙi abinci ya mutu bayan 'yan makonni. Ban ce kowane kifin da ya ƙi ci gubar ce ta taɓa shi ba. Abin da na ce shi ne shawarar mako biyu ta yi wa mai sayarwa daidai ƙwarai: kafin wa'adin ya cika, kifin ya daɗe a tankinka, ya zama ruwanka ne ya kashe shi, kuɗi kuma sun riga sun shige aljihu. Sana'ar da ba ta damu da inda kifi ya fito ba, ba ta damu da inda zai ƙare ba. Babban ɗan uwan wannan kifi, Pterois volitans, an fara ganinsa a gaɓar Fulorida ta Amurka a 1985, kuma masana sun fi zargin masu kiwo da suka gaji da shi suka zubar a teku. Yau ya mamaye tekun Karibiyan yana cinye ƙananan kifayen yankin.

Mai karatu, idan ka shiga shago ka ga ƙaramin kifin zaki ya burge ka, kada ka zaro ko kwabo. Ka ce a ba shi abinci a gabanka, ka tambayi abin da yake ci da ranar da ya iso. In an ce maka yanzun nan ya ci, ka ce za ka dawo jibi da yamma. In ka dawo aka sake kawo wani uzurin, ka bar musu kifinsu ka tafi da kuɗinka.