A DUBA HAƘORAN SA KAFIN A BIYA KUƊI: Jan Kunne Ga Masu Sayen Kayan Kwamfuta A Ikko

'Yan Arewa mazauna Ikko da Badun da sauran garuruwan Kurmi sun shiga sayen kwamfutar tebur haiƙan. Wani yana saye ne don ɗansa ya saba da ita kafin jarrabawar JAMB, wadda tun shekarar 2015 ake yin ta a kan kwamfuta. Wani so yake ya buɗe ɗan shagon buga takardu da cike fom a Agege ko Idi-Araba ko Sabo, wani kuwa mota zai ɗora wa ita a kai gida don ƙanensa ya sami abin yi. Da yawansu akan ba su shawara cewa gara a sayi kayan ɗaya-ɗaya a ba mai gyara ya haɗa, wai ya fi sauƙin kuɗi. Shawarar ba ta da laifi. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen zaɓen kayan, domin galibi kuɗin yakan ƙare a kan suna da ƙyale-ƙyale, abin da zai sa na'urar ta daɗe kuwa a bar shi ba kaso.

Mutumin da ya shekara ashirin yana cinikin shanu a Oko-Oba ba zai taɓa biyan kuɗin sa don kawai an ce masa Bunaji ne ko Bokolo ba. Sai ya buɗe masa baki ya dubi haƙora, ya san shekarunsa. To, abin mamaki, wannan mutumin ne zai shiga kasuwar Computer Village da ke Ikeja, ɗan kamasho ya tare shi tun daga titin Otigba ya ce masa, "Alhaji, wannan Core i7 ce," shi ke nan sai ya sa hannu a aljihu.

Core i7 sunan iri ne kawai, kamar yadda ake cewa Bunaji. Haƙoran suna cikin lambar da ke biye da sunan. Kamfanin Intel yana fitar da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, zubi-zubi ne, kuma farkon lambar shi ke nuna zubin. Wanda aka rubuta wa i7-2600 ɗan zubi na biyu ne, tun 2011 aka fito da shi. Shi kuwa i7-3770 na 2012 ne. Amma i3-12100, wanda mai saye zai raina don an ce i3 ne, ɗan zubi na goma sha biyu ne na shekarar 2022, kuma ya fi waɗancan tsofaffin biyu gudu nesa ba kusa ba. Saboda haka wanda ya biya kuɗi mai yawa don jin daɗin sunan i7, bai tambayi lamba ba, tsohon sa ya saya da kuɗin bijimi.

Wannan magana ta ƙara nauyi tun ran 14 ga Oktoba, 2025, ranar da kamfanin Microsoft ya daina aiko da gyare-gyaren tsaro na yau da kullum ga Windows 10. Wanda ya gaje shi, wato Windows 11, a ƙa'ida yana neman furosesan Intel daga zubi na takwas zuwa sama, ko na AMD daga jerin Ryzen 2000. Ofisoshin Turai da Amurka da suka ga haka sai suka rinƙa sallamar tsofaffin na'urorinsu, kuma ba sai an yi duba ba, kowa ya san tashar jirgin ruwan da irin waɗannan kaya ke sauka. Gaskiya ne masu gyara suna da dabarar cusa Windows 11 a cikin tsohuwar na'ura, sai dai kamfanin bai ɗauki alkawarin ci gaba da kula da ita ba. Duk wanda zai ajiye lambobin jama'a da takardunsu a shagonsa, kada ya sauko ƙasa da zubi na takwas, kome daɗin bakin mai sayarwa.

Amma babbar ɓarnar ba a nan ake yin ta ba. Akwai wani ɗan akwatin ƙarfe mai fanka da ke bayan kwamfuta, wanda ke karɓar wutar gida ya rage ta ya rarraba wa sauran kaya, 'yan kasuwa suna ce masa fawa-fak. Shi ne wanda ba a tambayar sunansa, shi ne kuma mai haɗawa ke tsuke kuɗinsa in ciniki ya yi tsanani. Sau da yawa ma kyauta ake bayar da shi tare da kwandon kwamfuta, an manna masa takarda an rubuta wat ɗari biyar ko ɗari shida, alhali in an ɗaga shi sai a ji shi sakayau kamar gwangwanin madara. Araha ba ta ado. A ƙasar da wutar NEPA, wadda har yau jama'a ba su daina kiran ta da wannan suna ba, take zuwa yadda ta ga dama, yanzu ta yi ƙasa kamar aci-balbal, an jima ta dawo da ƙarfi, ga kuma janareta da ake sauyawa sau uku a wuni, wannan ɗan akwati shi ne mai gadin duk dukiyar. In mai kyau ne, ya ga wuta ta wuce kima sai ya yanke kansa. In na banza ne, ranar da zai mutu ba ya tafiya shi kaɗai, yana iya jan babban allon kwamfutar da ma'ajiyar takardu su tafi tare.

Ya kamata mai saye ya nemi fawa-fak na kamfani sananne, mai ɗauke da alamar 80 Plus, wadda ke nufin aƙalla kashi 80 cikin ɗari na wutar da ya sha yana kai ta ga aiki, ba ya ɓatar da ita a zafi. Kwamfutar ofis da ba ta da katin hoto na musamman ba ta cin wat ɗari biyu, don haka wat ɗari huɗu na gaskiya ya wadatar har ya yi saura. Sai kuma a lura da kayan gwanjon Amurka. Wasu tsofaffinsu suna da wani ɗan jan maɓalli a baya mai lamba 115 da 230. Wutar Nijeriya ta 230 ce. Wanda ya jona shi yana kan 115, ƙara ɗaya zai ji da ƙauri, kuɗinsa sun tafi. Bayan wannan, kuɗin UPS, wato batirin da ke riƙe na'ura na 'yan mintoci in an ɗauke wuta, a sa shi cikin lissafi tun farko, a nemi mai daidaita ƙarfin wuta a cikinsa. Mai shagon da yake tsakiyar cike wa yaro fom aka ɗauke wuta, shi ya san darajarsa.

Abu na biyu da ya cancanci kuɗi shi ne ma'ajiya. Tsohon faifai mai juyawa yana da araha da faɗi, amma shi ne ke sa a kunna kwamfuta a tafi a sha shayi a dawo ba ta gama tashi ba. Irin wanda ake kira SSD ba shi da abin da ke motsi a ciki, ya fi wancan sauri ninki-ninki, kuma ya fi jure girgizar mota daga Ikko zuwa Kano ko Sakkwato. Mai gigabait 256 ya isa a fara, 512 ya fi kwanciyar hankali. Ram kuwa kada ya gaza gigabait 8, in da hali 16, kuma guda biyu masu 8 sun fi guda ɗaya mai 16 aiki. Farashin ram ya yi tashin gwauron zabo a duniya a ƙarshen 2025, ga kuma faɗuwar Naira tun 2023, saboda haka wanda aljihunsa bai kai ba ya sa 8 yanzu, ya tabbata akwai gurbin ƙari a kan allon.

Fitilu masu launi-launi, da kwando mai gilashi, da babban katin hoto, duk na masu wasannin kwamfuta ne da masu haɗa fim. Mai buga takarda ba ya bukatarsu. Furosesa irin Ryzen 5 5600G yana da nasa sashen hoto a ciki, haka ma yawancin na Intel, in ban da waɗanda lambarsu ta ƙare da harafin F, waɗanda ba za su nuna komai a allo ba sai an saya musu kati.

Kayan kuma ba kowanne ke shiga ɗan'uwansa ba. Kowane furosesa da irin gurbinsa a kan babban allo, kuma ram na DDR3 da DDR4 da DDR5 kowanne da yankan bakinsa, ba ya zama a gurbin wani. Dalili ke nan da ya sa ya fi kyau a sayi allo da furosesa da ram a shago ɗaya, domin in sun ƙi juna a san wanda za a riƙe. In an tsinto su daga shago uku, kowa zai ɗora wa ɗan'uwansa laifi.

Wanda duk wannan lissafi ya yi masa yawa, babu abin kunya ya sayi haɗaɗɗiyar gwanjon ofis irin Dell OptiPlex ko HP ProDesk ko Lenovo ThinkCentre, muddin ta kai zubi na takwas, ya sa mata SSD da ƙarin ram. Sau da yawa ma ita ta fi sauƙi. Aibinta ɗaya, galibi fawa-fak ɗinta da allonta na kamfanin ne kaɗai, in sun lalace sai an sami irinsu sak.

Ko wacce hanya aka bi, kada a yi cinikin biri a sama. A kunna na'urar a gaban mai saye. Akwai manhajoji na kyauta, CPU-Z mai faɗin ainihin sunan furosesa da lambarsa, da CrystalDiskInfo mai nuna awa nawa ma'ajiya ta yi tana aiki da kuma lafiyarta. Mai shagon da ya ƙi a gwada, a bar masa kayansa. A karɓi rasiɗi mai sunan shago, a rubuta lambar kowane kaya da kwanakin garanti, kuma a biya a cikin shagon, kada a miƙa wa ɗan kamasho a bakin titi. In na'urar Arewa za ta, a bar ta ta yi kwana uku ko huɗu tana aiki a nan tukuna, tun garantin bai ƙare ba, sa'an nan a gaya wa wanda zai karɓa ya rinƙa buɗe ta yana hure ƙurar hunturu daga fankokinta, ya kuma ɗaga ta daga ƙasa ya ɗora a kan tebur.